Kafin ku biya asirans ɗin moto okaziyon, ku san abin da kuke saye



A yau ina so mu tattauna kan wata ƴar takarda wadda da yawa daga cikinmu ke yawo da ita cikin aljihu ko ƙarƙashin kujerar moto, amma kaɗan ne suka taɓa sa aka karanta musu abin da ke cikinta. Ina nufin takardar asirans, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira inshora. Duk wanda ke shiga babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole a Damagaram, ko Katako da Wadata a Yamai, ya san cewa moto ya zama ƙafar ɗan kasuwa. Da shi ake ɗauko kaya daga tasha, da shi ake bin bashi, da shi ake cin kasuwannin ƙauye, kuma mata da dama sun ɗauki adashi sun saya ma ƴaƴansu don su yi kabu-kabu su riƙa kawo na cefane. Mafi yawan waɗannan babura kuwa okaziyon ne, wato na hannu, Kasea ne ko Haojue ko Royal ko Boxer, wanda ya riga ya sha hanya a hannun wani kafin ya zo hannunmu.

Idan aka zo maganar asirans, tambaya ɗaya muke yi: wace ce mafi araha wadda polis da jandarma za su gani su bar ni in wuce? Wasu ƙalilan kuma, waɗanda Allah ya hore ma hali, sukan ce a yanka musu mafi tsada wai don hankalinsu ya kwanta. Ni a ganina duka biyun sun yi lissafi da ma'aunin da bai dace ba, domin duka ƙarfen suke kallo. Tsohon moto darajarsa sananniya ce, ba ta wuce abin da aka saye shi, kuma kullum raguwa take yi. Ɓarnar da zai iya yi a kan hanya kuwa ba ta da iyaka, domin moton jika 200 yana karya ƙafar mutum daidai da yadda na jika 700 ke karya ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya faru da wata maƙwabciyata, mai sayar da kayan miya, baiwar Allah mai neman na kanta. Ta ɗauki adashi ta saya ma ɗanta moto okaziyon, da safe ya kai mata kaya kasuwa, da rana ya yi kabu-kabu. Wanda ya sayar ya haɗa mata da kart giriz da takardar asirans, ya ce saura wata 7 ta ƙare, wannan kyauta ce ya ba ta. Ta yi godiya ta sa albarka. Bayan kamar wata 3, da almuru, yaron ya banke wani dattijo da ke ƙetare gudron, ƙashin cinya ya karye. Polis suka zo suka yi konsta, aka kai dattijo likita. Washegari na raka ta biron kamfanin da sunansa ke bisa takardar, tana tafe hankalinta kwance. Ma'aikacin ya duba, ya tambaye ta yaushe aka yi cinikin moton, ta faɗi gaskiya. Sai ya ce mata, cikin ladabi, Hajiya ki yi haƙuri, wannan kontra ta daina aiki tun kwana 5 bayan cinikin. Daga nan ordonansi, da kuɗɗin radiyo, da na aiki, da abincin masu jinya, duk a kanta suka faɗa. Moton aka fara sayarwa, sannan tumakin da take kiwo, kuma har yanzu jarinta bai koma yadda yake ba.

Ran nan na fita daga biron ina cewa an cuce ta. Da na bincika sai na tarar ma'aikacin bai ƙara kome daga kansa ba, doka ce ya faɗa mata. Ƙasarmu Nijar tana cikin ƙungiyar CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a birnin Yawunde ranar 10 ga watan Yuli na 1992, kuma kundin dokokinta na asirans ya fara aiki a shekara ta 1995. Da shi ake aiki a nan, da shi ake aiki a Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi, Kamaru, Sanagal da sauran ƙasashen ƙungiyar. Ayar doka mai lamba 41 ta wannan kundi ta ce idan aka sayar da abin hawa mai inji, kontrar asirans ɗinsa tana tsayawa da kanta daga tsakar daren rana ta 5 bayan cinikin, sai fa idan an je an daidaita da kamfanin an maido ta. Ke nan takardar da mai sayarwa ke haɗa maka da ita, ko da saura wata 11 a jikinta, ba kyauta ba ce ta a zo a gani. Mai duba takardu a kan hanya yana iya ganin kwanan wata ya bar ka ka wuce, amma ranar haɗari kamfani ba kwanan wata kaɗai yake dubawa ba, yana duba sunan wa ke ciki da kuma wa ke da moton. Duk wanda ya sayi okaziyon, aikinsa na farko, tun kafin canza taya da bugun fenti, shi ne ya maida kart giriz da sunansa ya kuma yanki asirans da sunansa.

To, wace iri za a yanka? A nan ne ake ruɗa mu, domin kalma ɗaya ce, asirans, amma abubuwa da yawa ne a cikinta, kamar yadda kalmar hatsi ta haɗa gero da dawa da maiwa.

Ta farko ita ce ta dole, wadda ayar doka mai lamba 200 ta wajabta ma duk mai abin hawa mai inji, har da moto. A takarda ana rubuta ta da faransanci responsabilité civile, ko RC a taƙaice. Aikinta ɗaya ne: biyan ɓarnar da motonka ya yi ma wani, a jikinsa ko a dukiyarsa. Ka buge mai tafiya a ƙasa, ka fasa fitilar motar wani, ka ture teburin mai tuyar ƙosai, wannan duk nata ne. Kuma tana da faɗi fiye da yadda mutane ke zato. Ba mai moton kaɗai take rufewa ba, har da wanda ke tuƙa shi, ko yaron shagonka ne ko ƙanenka. Dokar ta kuma ce iyalin mai tuƙi ko na mai asirans ana ɗaukarsu kamar kowane mutum na waje, wato idan ka ɗauko matarka ko ɗiyarka a baya kuka faɗi ta ji ciwo, tana da haƙƙin diyya. Sannan ayar doka mai lamba 228, wadda nike so mata masu tallar kai da masu kasa kaya a bakin hanya su riƙe, ta ce wanda ba shi ke tuƙi ba, idan aka ji mashi rauni a jiki, ana biyansa ba tare da an kafa mashi hujja da kuskurensa ba, sai dai idan da gangan ya nemi abin ya same shi. Saboda haka maganar nan ta “ai ke ce ba ki duba hanya ba” ba ta kashe haƙƙinki.

Amma akwai abubuwa uku da wannan ta dole ba ta biya, kuma su ne suka fi shafar ɗan kasuwa. Ba ta gyara moton kansa. Ba ta biyan kayan da aka ɗauko a bisa shi, domin ayar doka mai lamba 206 ta fidda hajar da ake ɗauke da ita daga ciki. Kwandon tumatir ya watse, tiren ƙwai ya fashe, jarkar man gyaɗa ta tsiyaye, wannan asarar mai kaya ce. Na uku, wanda ya fi kowane nauyi, ba ta biyan mai tuƙin. Yaron da ke riƙe da kan moton, wanda shi ne ke fara isa ƙasa, wanda ba gilashi ba ƙofa tsakaninsa da gudron, shi ne kaɗai wannan takarda ba ta sani ba. Idan wani ne ya buge shi kuma wancan yana da asirans, to ana iya bin na wancan. Idan kuwa rami ne ya kada shi, ko yashi, ko akuya ta gitta, ko shi ne mai laifi, ba shi da ko dala.

Shi ya sa, idan aka tambaye ni inda ya kamata mai tsohon moto ya sa ƙarin kuɗɗinsa, amsata ita ce a kan mai tuƙi. Kamfanoni suna da wani ƙari na musamman don wannan, sunansa yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma idan ka ce kana son wanda ke biyan mai tuƙi idan ya ji ciwo ko ya naƙasa ko ya rasu, za a gane. Abin dubawa a cikinsa adadi uku ne da ake rubutawa: nawa ake ba iyali idan an yi rasuwa, nawa ake bayarwa idan an samu naƙasa ta dindindin, da kuma iyakar kuɗɗin magani. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi buƙata kuma shi ne aka fi ƙanƙantawa, don haka a tsaya a ji adadinsa da kunne, a sa a nuna shi da yatsa a bisa takarda. Uwar da ta saya ma ɗanta moto don ya riƙa kawo jika ɗaya ko biyu a wuni, ta tuna cewa idan moton ya lalace ana iya haɗa wani cikin shekara, amma idan yaron ya kwanta wata 4 da karaya, ga kuɗɗin shiga ya tsaya ga na magani yana fita. Kuma a sayi kaske, a sa shi a kai, ba a rataye shi a hannun moto ba.

Akwai wani ƙaramin ƙari kuma da ake kira défense et recours, wanda ba shi da tsada a yawancin lokaci. Da shi kamfaninka ke tsaya maka idan magana ta kai gaban shari'a, kuma shi ke bi maka haƙƙinka wajen wanda ya buge ka. Ga mutumin da ba ya jin faransanci, ba shi kuma da lokacin rufe rumfa ya yi ta zarya tsakanin komisariya da birori, wannan ya cancanci kuɗɗinsa.

Sai mu zo kan manyan, wato na sata, na gobara, da wanda ake kira tous risques, mai gyara moton ko da kai ne mai laifi. Sunan yana da daɗin ji, kamar an ce kome ya faru an ɗauke maka. Ga sabuwar mota ta miliyoyi, ko moton da aka ɗauka bashi ba a gama biya ba, yana da ma'ana. Ga okaziyon kuwa sai an yi lissafi da idon basira, kuma kamfanoni da dama ba su ma yarda su ba tsohon abin hawa irin wannan. Dalili shi ne ƙa'idar da ke cikin ayar doka mai lamba 31: diyya ba ta wuce darajar abu a ranar da asarar ta faru. Ba farashin sabo za a ba ka ba, ba kuma abin da ka biya ran ciniki ba. Gwanin kamfani ne zai ƙiyasta abin da moton ya kai a ranar, bayan ya cire tsufa. Daga ciki kuma a cire abin da ake kira franchise, wato kason asarar da aka yi sharaɗi tun farko cewa kai za ka ɗauka.

Bari mu yi lissafin misali, ba farashin wani kamfani ba ne, don dai a ga yadda abin ke tafiya. A ce ka sayi moto jika 300. Bayan shekara ɗaya aka sace shi, gwani ya ce a ranar darajarsa jika 220 ce, kason da ke kanka kuma jika 40. Abin da zai shigo hannunka jika 180 ne, bayan ka kai takardar shaidar komisariya da makullai da kart giriz, ka kuma yi jira. Idan kuwa faɗuwa ce aka yi, gyaran ya tashi jika 30, ba za ka ga kome ba, tunda bai kai kason da ke kanka ba; alhali yawancin ɓarnar moto irin wannan ce, madubi, fitila, roba, kan moto ya karkace, abin da makanike ke gamawa kafin la'asar. Yanzu sai ka tambayi ma'aikacin nawa wannan ƙari ke ci a shekara, ka ninka sau 3 ko sau 4, ka aza kusa da jika 180 ɗin nan. Idan ka ga kuɗɗin shekaru kaɗan sun kusa kai abin da za a ba ka, to gara ka zuba su a adashi ko asusu da sunan moton, ka sayi sarƙa da kwaɗo mai kyau, ka riƙa biyan mai gadin babura a bakin kasuwa, dare kuma moto ya kwana cikin gida. Adashi ya iya maida moto, wannan mun gani da idonmu sau da yawa. Abin da adashin mata 20 ba ya iyawa shi ne diyyar rai ko jinyar shekara.

Ban ce na sata ba shi da amfani ga kowa ba. Wanda motonsa bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba, mai tsada, kuma shi ne dukan jarinsa, yana iya yankar na sata da gobara kaɗai ya bar sauran. Sai dai ya yi tambaya dalla-dalla: idan a bakin kasuwa aka ɗauke fa? Idan da makami aka tare ni a hanyar ƙauye aka ƙwace fa? Idan yaron da na ba ya gudu da shi fa? Amsoshin ba ɗaya ba ne, kuma na ƙarshen nan kontra da yawa ba su ɗaukarsa sata. Ya kuma san cewa wa'adin sanar da kamfani sata awa 48 ne a ayar doka mai lamba 12, yayin da na sauran haɗurra ba ya kasa kwanakin aiki 5. Wanda ya share mako yana cigiya, yana zuwa wajen masu duba, sannan ya tuna da kamfani, ya ba su hujja da hannunsa.

Wata dabara da wasu ke yi ita ce rage darajar moto a baki don kuɗɗin su ragu. Wannan ma doka ta riga su. Idan moton jika 400 ne ka ce na jika 200 ne, ka sayi rabin kariya ke nan, don haka ɓarnar jika 100 za a ba ka jika 50. Wanda ya ƙara darajar kuma ya yi asarar ƙarin da ya biya, tunda ba za a ba shi fiye da abin da moton ya kai ba.

Amma ƙaryar da ta fi haɗari ita ce ta aikin da moton ke yi. Kuɗɗin moton hawa na gida daban, na mai ɗaukar fasinja don kuɗɗi daban, kuma na biyun ya fi tsada saboda wuni yake a kan hanya. Sai mutum ya je ya ce na zuwa kasuwa da masallaci ne, alhali kabu-kabu za a yi da shi. Ran da fasinja ya ji ciwo, konsta za ta nuna gaskiya. Daga nan ɗayan biyu: ko kamfani ya nemi a rushe kontrar baki ɗaya saboda ƙarya da gangan, kamar yadda ayar doka mai lamba 18 ta ba shi dama, kuɗɗin da ka biya kuma sun zama nasa, ko ya biya wanda aka ji ma ciwo sannan ya juyo kanka ya ce ka maido mashi. Haka zancen yake idan mai tuƙin ba shi da permin da doka ta nema ko shekarunsa ba su kai ba: wanda aka buge ba ya rasa haƙƙinsa, amma kamfani yana da ikon bin kuɗɗinsa a kanku. Ragin ƴan jikkuna da aka samu ran yankar takarda yana iya komawa bashin da zai ci rumfa.

Yanzu maganar gwada farashi. Mu ƴan kasuwa ba a koya muna tayi, amma abin mamaki, mutumin da zai zagaya rumfa 5 kafin ya sayi buhun shinkafa, idan aka zo asirans sai ya miƙa ma wani ɗan tsakani kuɗɗi a bakin tasha ya ce a kawo mashi takarda. Abin da ya kamata a sani shi ne, a ɓangaren ta dole, ayar doka mai lamba 212 ta bar kamfanoni su tsaida farashinsu, amma ba su da izinin sauka ƙasa da wani mafi ƙanƙantar farashi da hukumar sa ido ta amince da shi ga kowace ƙasa, wanda ake aunawa da yankin da abin hawan ke yawo, da ƙarfinsa, da aikin da yake yi, da kuma yanayin mai tuƙa shi. Ma'anar wannan ita ce akwai ƙasan da farashin ta dole ba ya wucewa. Idan wani ya zo maka da rabin kuɗɗin da biro biyu ko uku suka faɗa maka, kada ka yi murna. Ko dai an rubuta moton a wani aji da ba nasa ba, ko an rage kwanakin, ko takardar jabu ce. Kamfanoni irin su Leyma, SUNU, CAREN da NIA suna da birori da wakilai sanannu, a je can da ƙafa. A nemi kowane ya rubuta farashinsa a takarda, a kan abu iri ɗaya: moto ɗaya, aiki ɗaya, wata 12, ta dole ita kaɗai a layi ɗaya, ƙarin mai tuƙi a layi na biyu, sauran a ƙasa. A kuma ce jimillar ƙarshe ake so, wadda ta haɗa kuɗɗin takarda da haraji, domin wani yakan faɗi farashin tsura ya yi shiru kan sauran sai an zo biya. In ba haka ba, kana gwada tiya da rabin tiya ne kana cewa ɗaya ta fi araha.

Tsawon lokaci ma yana cikin lissafi. Da yawa muna yankar ta wata ɗaya ko wata 3 saboda ita aljihu ke iya ɗauka a lokacin, kuma ba na zargin kowa, kowa ya san halin da ake ciki. Amma a sani cewa gajerar ta fi tsada idan aka tara, domin kuɗɗin wata ɗaya ya fi kashi ɗaya cikin 12 na shekara, ga kuɗɗin takarda da ake sake biya kowane zuwa. Ga kuma kwanakin da ke faɗawa tsakani, takarda ta ƙare ran Alhamis, an ce sai bayan kasuwar Litinin, haɗari kuwa ba ya duba kalanda. Wanda zai iya, ya sa ranar sabuntawa ta dace da lokacin da kasuwarsa ke ci, bayan kaka ko gabanin salla, ko ya daidaita ta da ranar ɗaukar adashinsa, ya biya ta shekara gaba ɗaya ya huta. Kuma tun gyaran da aka yi ma ayar doka mai lamba 13 a shekara ta 2011, kontra ba ta fara aiki sai an biya kuɗɗinta. Zancen “rubuta mini, zan kawo cikon ran Juma'a” ya ƙare. A karɓi resu mai hatimin kamfani, a ajiye shi gida tare da kontrar kanta, a bar ƙaramar takardar shaida a jikin moto.

Ga ƴan uwanmu masu ƙetarawa Jibiya ta Ɗan Isa, ko Illela ta Birnin Ƙonni, ko Maigatari da Daura ta wajen Damagaram, akwai ƙarin bayani. Ta dole da aka yanka a nan tana aiki a ƙasashen CIMA, amma Najeriya ba ta cikin CIMA. Don irin wannan ne ƙungiyar CEDEAO ta kafa katin nan mai ruwan ƙasa, carte brune, a shekara ta 1982. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga watan Janairu na 2025, saboda haka kada a dogara da abin da aka saba da shi a da. A faɗa ma ma'aikacin ƙarara cewa moton yana shiga Najeriya, a sa ya nuna a rubuce takardar da ke rufe ka a can.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jinsa a majalisa: kamfanonin nan karɓa suka iya, biya kuwa sai an ga furfura. Maganar ba ta rasa tushe ba. Jinkiri yana nan, yawan takardun da ake nema yana gajiyar da talaka, kuma abin kunya ne a ce a garuruwan da kusan kowa ke magana da Hausa, har yanzu kontra da ƙananan haruffan faransanci kaɗai ake miƙo ta, ba mai zama ya fassara. Da kamfanonin suna son a yarda da su, da sun buga bayanin shafi ɗaya da Hausa da Zabarmanci, sun aika wakilansu wajen shugabannin ƴan kasuwa da na ƴan kabu-kabu, kuma ma'aikatar kuɗɗi, wadda ke da ofishin sa ido kan harkar asirans, ta matsa musu su yi. Masu damuwa ta fuskar addini kuma, CIMA ta shigar da tsarin takaful cikin kundinta a shekara ta 2019, sai a tambayi kamfani ko yana da shi, a kuma tambayi malamai. Amma mu ma muna da namu laifin. Ana yin haɗari sai jama'a su taru, a ce a yi sulhu, kada a kira polis, kowa ya ɗauki ƙaddara. Sulhu alheri ne, ba mai musu, amma idan akwai rauni a jiki kuma ba a yi konsta ba, an rufe ƙofar diyya ga wanda aka ji ma ciwo, an kuma bar mai moto shi kaɗai da ordonansi. Ciwon da aka raina da yamma shi ne ake kwana da shi a likita. A yi konsta, a karɓi takardar likita ta ranar farko, a ajiye kowane resu na farmasi komin ƙanƙantarsa, sulhun zumunci kuma ya biyo baya.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: idan ɗan kasuwa ne aka buge ya kwanta, ana lissafin kwanakin da ya yi bai nema ba bisa takardunsa na haraji. Wanda ba shi da wata shaida ta abin da yake samu, ana auna mashi da albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida, wato SMIG, wanda aka ɗaga daga 30.047 F zuwa 42.000 F a farkon shekara ta 2024. Hajiyar da ke juya jika 500 a wata amma ba ta da ko takarda ɗaya, da wannan ma'aunin za a biya ta. Takardun patanti da na haraji da muke jefawa ƙasan akwati suna da rana.

Maƙwabciyar tawa ta sake shiga adashi, ɗaukarta na zuwa bayan salla, kuma ta ce moto za ta sake saye, domin yaron yana zaune ba aiki. Wannan karon ta ware jika 40 a gefe tun kafin a fara neman moton, na canza kart giriz, da na permi, da na asirans. Idan ba su isa ba, ta ce a sayi moton da ya fi wancan tsufa kaɗan. Ta kuma ce ran da za a je biro in zo da tabarau na, don sai an karanta mata layin mai tuƙi kafin ta kwance bakin zane.